ERNIE: Na'urar da Ta Riƙa Fitar da Lambobin Ƙuri'a Daga Ƙwan Niyon

Malam, na ji an ce tun 1957 akwai wata na'ura a Ingila da take zaɓen waɗanda suka ci kyautar kuɗi ba tare da sa hannun mutum ba. Kwamfuta ce? Kuma wa ya ƙera ta?

Sunanta ERNIE. A 1956 ministan kuɗin Birtaniya, Harold Macmillan, ya ɓullo da takardun ajiya da ake kira Premium Bonds. Mutum yana ajiye kuɗinsa a hannun gwamnati, kowace fam ɗaya da lambarta, ba a biyansa kuɗin ruwa, sai dai a tara shi a raba a matsayin kyauta ta hanyar ƙuri'a. An fara sayar da takardun ranar 1 ga Nuwamba 1956, aka yi ƙuri'ar farko ranar 1 ga Yuni 1957 a garin Lytham St Annes, babbar kyauta fam 1,000. Lambobi miliyoyi ba su zubuwa a ƙwarya a girgiza, shi ya sa aka nemi na'ura.

Injiniyoyin cibiyar binciken gidan waya da ke Dollis Hill a Landan ne suka ƙera ta, ƙarƙashin Sidney Broadhurst. Tommy Flowers da Harry Fensom suka tsara ta, mutanen da suka yi aikin Colossus, na'urar da ta taimaka wajen warware saƙonnin sirrin Jamus a Yaƙin Duniya na Biyu. Girmanta ya kai na ƙaramar motar ɗaukar kaya, cikinta bawul ne (kwalaben lantarki irin na tsofaffin rediyo) da tiransista a haɗe, tana fitar da lambobi kusan 2,000 a awa ɗaya.

Amma ba kwamfuta ba ce a ma'anar da muka sani. Ba a loda mata manhaja, ba ta san sunan kowa ba, ba ta da jerin waɗanda suka sayi takarda. Lamba mai gurbi tara kawai take fitarwa, a buga ta a takarda, ma'aikata su je su duba ta wace ce.

To daga ina take samo lambar da ba wanda zai iya hasashenta? Ai inji abin da aka tsara masa yake yi.

Gaskiyarka, ɗan'uwa, inji ba ya ƙirƙiro rashin tsari da kansa. Lissafi komai sarƙaƙiyarsa, idan ka ba shi mafari iri ɗaya, amsa iri ɗaya zai ba ka. Don haka masu ERNIE ba su nemi lambar daga lissafi ba, sun ɗebo ta daga halittar wutar lantarki.

Tushen shi ne ƙwan niyon, ɗan'uwan wanda yake haske a cikin tastar masu gyaran wuta. Kwalba ce ta gilashi mai iskar niyon kaɗan da ƙarafa biyu a ciki. Idan ƙarfin wuta ya kai mizani, iskar takan kama ta fara wuce da wuta. A ido hasken a tsaye yake, amma a ciki elektiron ne suke karo da ƙwayoyin iskar, kowane karo yana sakin wasu, kuma ba wanda ya san lokacin da na gaba zai faru. Saboda haka wutar da ke ratsa ƙwan tana ɗan rawa sama da ƙasa ba tsari. Da za ka jona wannan rawar da lasifika, shuuu ɗin nan za ka ji, irin ta rediyon da ba ta kama tasha ba.

Rawar ƙanƙanuwa ce ƙwarai, sai an bi da ita ta amfilifaya ta ƙaru. Daga nan ta shiga wata da'ira mai iyaka: duk lokacin da rawar ta haura iyakar, a fitar da bugu ɗaya mai tsabta, idan ba ta kai ba, shiru. Bugun nan suna shiga ma'ƙirgi mai zagaye, wanda yake tafiya daga 0 zuwa 9 ya koma 0. Bayan wani ɗan lokaci ƙayyadadde a rufe ƙofa, a karanta inda ya tsaya. Wannan shi ne alƙalami ɗaya na lambar. Idan kuma gurbin na harafi ne ba na alƙalami ba, zagayen yakan bi adadin haruffan da ake amfani da su.

Hikimar tana cikin jefar da yawan a riƙe wutsiyar. Wanda ya saba da awo zai iya kintatar yawan ƙwayar gero a mudu, amma ba zai taɓa gaya maka ko adadin ya ƙare da 3 ne ko da 8 ba. A ce matsakaicin bugun da ke shigowa kafin a rufe ƙofa 5,000 ne. Daga karo zuwa karo zai riƙa sauyawa da kimanin 70 sama ko ƙasa, wato ninki bakwai na zagayen ma'ƙirgin, don haka alƙalamin ƙarshe zai iya faɗawa ko'ina daidai wa daida. Amma da matsakaicin 4 ne kacal, sai ka ga 3 da 4 sun yi yawa, 8 da 9 sun yi wuyar gani. Sharaɗin dai shi ne ma'ƙirgin ya zagaya sau da yawa kafin a tsayar da shi.

Idan ƙwan ya tsufa ko wani sashe ya lalace, ba sai lambobin su karkata ba tare da an lura ba?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, kuma a nan ne aikin waɗannan injiniyoyi ya cancanci yabo. Samo hayaniyar lantarki ba wuya. Abin da ke da wuya shi ne ka ƙera na'urar da ko hayaniyar ta ci amanarka, sakamakon ba zai lalace ba.

Hanyoyin lalacewar suna da yawa. Ƙwan niyon idan ya daɗe yana aiki, ƙarfen cikinsa yakan zaizaye ya manne a gilashi, ya yi baƙi, ƙarfin hayaniyarsa ya sauya. Wani lokaci maimakon rawa marar tsari sai ya shiga kaɗawa mai tsari, wadda ita ce mafi haɗari domin bugu yana fita kamar komai lafiya. Bawul ƙarfinsa yakan ragu, hayaniyar ta daina kai wa iyaka, bugun ya yi ƙaranci. Gurnanin wutar gari, mai kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, yakan silalo cikin amfilifaya. Shi kansa ma'ƙirgin yana iya samun mataki ɗaya mai nawa, ya riƙa daɗewa a kan wata lamba ko ya tsallake ta.

Maganin da aka yi shi ne ninkawa. Ba a dogara da tushe ɗaya ba: tushen hayaniya biyu ne masu zaman kansu, a haɗa abin da suka fitar ta lissafi mai zagaye. Misali, na farko ya ba da 7, na biyu 3, a ɗebe, a sami 4. Idan na farko 2 ne na biyu 8, sai a ara goma: 12 a ɗebe 8, saura 4. Yanzu a ce na biyun ya mutu ya kafe a kan 3. Muddin na farkon lafiya yake, sakamakon yana nan daidai wa daida, an dai gusar da kowace lamba da uku. Idan kuma duka biyun sun ɗan karkata, karkatar ba taruwa take yi ba, narkewa take. A ce na farko yana ba da 7 kashi 11 cikin ɗari, 2 kuma kashi 9. Na biyu yana ba da 3 kashi 11, 8 kashi 9. Lambar da ta fi amfana a sakamako, wato 4, kashi 10.02 kawai za ta samu. Kuskuren kashi ɗaya ya koma 0.02.

Sharaɗi ɗaya ne, kuma shi ne masu kwaikwayo suke faɗuwa a kansa: dole tushen biyu su kasance ba abin da ya haɗa su. Idan gurnani ɗaya yana shiga su tare, ko wayoyinsu suna kwance kusa har ɗaya yana jin ɗaya, ɗebewa za ta riƙa ba da 0 fiye da kima.

Wa yake tabbatar da ba a yi maguɗi ba?

Bayan kowace ƙuri'a, ofishin ƙwararrun lissafin gwamnatin Birtaniya, wanda ba shi ke gudanar da ƙuri'ar ba, yakan gwada lambobin kafin a biya kowa. Ana duba ko kowane alƙalami ya fito gwargwadon rabonsa, ko wani yana yawan bin wani, ko maimaici ya wuce ko ya gaza abin da ake tsammani. Lambar da ta faɗa kan takardar da ba a sayar ba, ko wadda mai ita ya riga ya karɓi kuɗinsa, watsar da ita ake yi a ɗauki ta gaba.

Rashin manhaja ma kariya ce. A Amurka an ɗaure wani shugaban tsaron kwamfuta na wata ƙungiyar caca a 2017, saboda ya cusa 'yan layuka a manhajar fitar da lambobi ta yadda a wasu ranaku zai iya kintatar abin da zai fito. ERNIE ta farko ba ta da inda za a ɓoye irin wannan. Mai son murɗe ta sai ya zo da ƙarfen soda ya sauya waya a idon jama'a.

Ni ɗalibin lantarki ne, Malam. Zan iya haɗa ƙaramar irinta a matsayin aikin makaranta?

Za ka iya, amma ka bar ƙwan niyon. Yana bukatar volt 70 zuwa 90 kafin ya kama, kuma jona shi da wutar gari a kan allon gwaji ganganci ne. Tiransista zai ba ka hayaniya mai kyau da batir.

Ka sami 2N3904 ko BC547. Ka jona ƙafar bes da ƙasa, ƙafar emita ta bi ta resista 470k zuwa wuta, ka bar kolekta ba a jone ba. Wannan jonin a juye yake da gangan: wajen volt 7 zuwa 9 mahaɗar takan ɓalle ta fara hayaniya. Batir 9V guda ɗaya ba zai wadatar ba, ka jera biyu su ba ka 18. Ka ɗauki hayaniyar daga emita ta kafasita 100nF zuwa amfilifaya TL072, ka yi amfani da ɓangarorinsa biyu, kowane ya ninka kamar sau 30. Kada ka nemi ninki dubu daga mataki ɗaya, saurin siginar zai mutu. Daga nan sai LM393, wato da'ira mai iyakar nan, da resista 10k daga mafitarsa zuwa volt 5 na Arduino Uno, mafitar ta shiga fil na 5, wanda Timer1 ke iya ƙirga bugu da shi kai tsaye. Ka ƙirga na millisakan 100, ka riƙe alƙalamin ƙarshe. Ka gina da'irar sau biyu, kowace a cikin gwangwaninta na ƙarfe da aka jona da ƙasa, da batirinta daban. Ta biyun ta shiga fil na 4, ko ka ƙirga su bi da bi, sannan ka ɗebe.

Kada ka ba sashen hayaniya wuta daga cajar waya, domin ita kanta kaɗawa take dubbai a daƙiƙa, kuma kaɗawar za ka ƙirga. Gwaji na farko: ka cire tiransistan hayaniyar. Ƙirga ya kamata ta faɗo sifili. Idan lambobi suka ci gaba da fita, ba hayaniya kake aunawa ba; idan ka ga 5 tana ta maimaituwa, gurnanin wutar gari ne, sau 50 a daƙiƙa cikin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa. Gwaji na biyu: ka tara alƙaluma 10,000. Kowanne zai fito kusan sau 1,000, yawanci tsakanin 940 da 1,060. Wanda ya kai 1,150 matsala ce, haka nan idan duka goman suka fito 1,000 cif. Ka kuma ƙirga su biyu-biyu, daga 00 zuwa 99, domin ko na'ura mai zuba 0123456789 a jere tana ba kowane alƙalami rabonsa. Ka maimaita bayan wasu makonni, domin wannan jonin a juye yana gajiyar da tiransista, kuma kada ka mayar da shi wani aikin.

Har yanzu da ƙwan niyon ake yi? Wayata ma tana da irin wannan?

A'a. ERNIE ta biyu ta karɓi aiki a farkon shekarun 1970, ta uku a 1988. Ta huɗu, ta 2004, hayaniyar zafi a cikin tiransista take amfani da ita, tana fitar da lambobi miliyan ɗaya a awa. Ta biyar, wadda kamfanin ID Quantique na Suwizalan ya samar da fasaharta a 2019, da ƙwayoyin haske take aiki, kuma ta gama ƙuri'ar wata cikin kusan minti 12. Ta farkon tana hannun gidan tarihin kimiyya na Landan.

Wayarka da kwamfutarka suna da ƙaramin tushen hayaniya a cikin furosesa; Intel ta sa nata, RDRAND, tun 2012, kuma da irinsa ake ƙera mabuɗan sirrin da ke kare saƙonninka. Idan kai mai rubuta manhaja ne kuma za ka yi ƙuri'ar rabon rumfuna ko gurabe, kada ka yi amfani da Math.random ko rand. Ka ɗauki SecureRandom a Android, ko secrets a Python. Kuma idan za ka mayar da bayit, mai ƙima 0 zuwa 255, alƙalami ɗaya, ka watsar da 250 zuwa 255 ka sake ɗauka. In ba haka ba, 0 zuwa 5 za su sami dama 26 kowanne, 6 zuwa 9 kuma 25.