Amsar tambayar ƙaramin jirgin Dakota

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ƙanena, na saurari saƙonka inda ka ce ka ga ƙaramin jirgi mai farfela, kwaikwayon Douglas DC-3 da ake kira Dakota, a hannun wani mai sayarwa, an sa masa kuɗi mai yawa, kana tambaya ko ya dace ka saya wa yaronka. A fahimtata, abin da kake son sani shi ne ko jirgin ya kai kuɗinsa, domin na san tun muna tsayawa a Palladan muna kallon jiragen kwalejin horar da matuƙa, kai ne mai son abin, ba yaron ba.

Irin wannan jirgi ba na wasan yara ba ne, na ajiya ne. Zubinsa ake yi, kusan yadda masu tukwanen alminiyum suke yi a nan Zariya, sai dai su a cikin yashi suke zubawa, shi kuwa ana tura narkakken ƙarfen ne da ƙarfin inji cikin mazubi na baƙin ƙarfe, shi ya sa layin ƙofa da tagogi suke fitowa raɗau. Na ce ƙarfe, amma bari in gyara, kada ka je ka gwada shi da mayen ƙarfe ka ce an cuce ka. Mafi yawansa tutiya ce da aka haɗa da ɗan alminiyum, kuma mayen ƙarfe ba ya kama ta. Nauyinsa a tafin hannu da sanyinsa su ne shaida, ko da yake farfela da tayoyi galibi roba ce.

Sai lambar sikeli da ke jikin kwali. Idan ka ga 1:200, ma'anarta an rage jirgin gaskiya sau 200. Faɗin fukafukan Douglas DC-3 kusan mita 29 ne, don haka ƙaraminsa zai zo wajen santimita 14 da rabi. Na 1:72 kuwa ya kai santimita 40, sai ka ware masa wuri a kabad, kuma kuɗinsa daban ne.

Abin da ya fi damuna shi ne kamanni. DC-3 ya fara tashi ne a Amurka ranar 17 ga Disamba, 1935, sojoji suka yi nasu samfurin mai suna C-47, Turawan Ingila suka raɗa masa Dakota, kuma da wannan sunan iyayenmu suka san shi, domin ya yi aiki a kamfanin jiragen Afirka ta Yamma da aka kafa a 1946, daga baya kuma a Nigeria Airways. Injinsa biyu ne, kowace farfela tana da kunne uku, kuma ƙaramar tayarsa a ƙarƙashin wutsiya take, shi ya sa idan ya tsaya hancinsa yake ɗage sama, fasinja kuma sai ya yi hawan tudu kafin ya kai kujerarsa.

To, shekarun baya na tura wa wani mai kawo kaya kuɗi, na jira wata biyu cur. Da na buɗe kwalin sai na tarar da jirgi mai taya a ƙarƙashin hanci, ya miƙe sambal a kan tebur, farfelarsa kunne huɗu, amma an rubuta DC-3 a gefensa. Na kira mutumin, ya ce mini ai jirgi jirgi ne. Wallahi maganar nan ta fi asarar kuɗin yi mini ciwo, domin wannan ɗage hancin shi ne Dakota, idan ka cire shi ka cire jirgin gaba ɗaya. Da ma Fokker F27 ya ce ya kawo, wanda fukafukansa suke saman jiki kuma tayarsa tana gaba, da na duba ko zan karɓa, tunda shi ma ya yi zamani a filayen jirginmu. Har yau kwalin yana nan ban jefar ba, duk wanda ya zo gidana da sha'awar abin nan sai na nuna masa. Amma a bar wannan.

Idan tsoho ne aka kawo maka, ka duba jikinsa a cikin haske. In ka ga ƙananan tsagu kamar ƙasar fadama da rani, ko fenti ya kumbura, tutiyar ce ta gurɓata da darma tun wajen zubi, kuma ba ta da magani, a hankali za ta ruguje. In lafiyayye ne, ka sa shi a kabad mai gilashi saboda ƙurar hunturu, kada rana ta riƙa dukansa, kuma ka share shi da burushi mai laushi, domin tsumma yana karya farfela.

Ka ɗauko mini hoto biyu kafin ka biya ko sisi: na gefen jirgin yana tsaye a kan tayoyinsa, da na kwalin inda sunan kamfani da lambar sikeli suke. Idan na ga sunan Herpa ko Corgi hankalina zai fi kwanciya, amma duk da haka sai na ƙirga kunnuwan farfelar.