Wuƙar girki ga mai tahowa karatu Ingila

Ƙanena, saƙonka ya iso mu daga can ƙauyenku na ƙasar Ringim. Allah ya sanya albarka a karatun. Ka ce Inna ta sa maƙerin garinku ya ƙera maka wuƙa tun da za ka riƙa girki da kanka, kana tambaya ko ka taho da ita, in kuma saya za ka yi a nan, wace iri ce ba za ta cinye maka kuɗin abinci ba.

Ka taho da wuƙar Inna, muddin ta girki ce mai baki ɗaya, ba irin wadda ake ɗaurawa a damtse ba. A babbar jakar da ake aunawa za ka sa ta, cikin kube ko ka naɗe bakinta da kwali ka ɗaure tam. In tana jakar hannu, tun a filin jirgin Malam Aminu Kano za a karɓe ta.

Abin da muka fi so ka riƙe shi ne dokar ƙasar nan. A gida mutum ya soke wuƙa a ƙugu ya tafi gona ko kasuwa, babu mai ko kallonsa. A Ingila fita da wuƙa bainar jama'a ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba laifi ne da kan kai ɗaurin da ya kai shekara 4, kuma cewa don tsaron kai ka riƙe ta ba hujja ba ce a gaban alƙali. Ga ɗalibi baƙo, wannan na iya raba shi da karatun gaba ɗaya. Ba a sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, don haka ka tafi kanti da shaidar shekarunka. In ka saya, bar ta cikin kwalinta da rasit, ka wuce masauki kai tsaye. Kada kuma ka fito bakin titi ka ce za ka wasa ta a siminti yadda ake yi a dandamalin ƙofar gida.

Wuƙar maƙera, wadda galibi da sifirin mota ake ƙera ta, tana saurin ɗaukar kaifi, amma tsatsa ce ajalinta, ƙasar nan kuwa danshi ba ya rabuwa da ita. Ka yanka tumatir ko lemon tsami ka bar ta a jiƙe, kafin ka gama cin abinci ta fara ja. Da ka gama aiki ka wanke, ka goge ta bushe, ka shafa mata ɗigon man gyaɗa. Baƙin da take yi a hankali ba illa ba ne, jan tsatsa ne ake gudu.

Ta yau da kullum kuwa, guda ɗaya ta ishe ka: mai faɗin jiki, tsawon bakinta santimita 20, ta ƙarfen da ba ya tsatsa. Kada ka yarda da jerin wuƙaƙe shida ko takwas da ake jerawa a cikin katako da araha. Ƙarfensu taushi ne da shi, kuma biyu kawai za ka taɓa amfani da su. Victorinox Fibrox ta ƙasar Suwizalan ita muke nuna wa sababbin zuwa, mariƙinta ba ya santsi ko da hannu da maiƙo, yawanci tsakanin fam 30 zuwa 45. In aljihu bai kai nan ba, shagunan 'yan Asiya suna sayar da Kiwi ta ƙasar Tailan, galibi ƙasa da fam 10. Siririya ce, tana cin albasa da attaruhu sosai, sai dai tana saurin dakushewa. Ka ƙara da 'yar ƙarama ta firar dankali da doya. Kafin ka biya, duba inda ƙarfe ya haɗu da mariƙi: kada ya yi motsi, kada a sami tsaga, don nan ruwan nama ke maƙalewa ya yi wari.

Sai katakon yanka. Iyayenmu mata kan riƙe kuɓewa ko dunƙulen alayyahu a hannu, su jawo wuƙa zuwa babban yatsa. Sun ƙware, kuma wuƙarsu ƙarama ce. Da mai santimita 20 sabuwa fil kada ka gwada. Nemi allon katako ko na roba, ka shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma a ƙarƙashinsa don kada ya zame, ka lanƙwashe yatsun da ke riƙe albasa ciki. Ɗanyen naman kaza allonsa daban. Yanka a kan tangaran, gilashi ko faranti na kashe kaifi nan take.

Ƙashi da daskararren nama su suka fi lalata wuƙar ɗalibai. Bakin wuƙar siriri ne, in ya daki abu mai tauri sai ya yi giɓi. Mahautan halal na nan suna da injin yanka ƙashi. Ka ce su daddatsa maka kaza ko haƙarƙari tun a shago. Naman firiza kuma ka sauke shi cikin firji tun dare ya saki.

Wasawa ba wuya. Sayi dutsen wasa wuƙa mai lamba 1000 (lambar tana nuna laushin fuskar dutsen: in ta fi yawa, ya fi laushi). Mai fuska biyu, 1000 da 6000, ya fi, amma na farkon ne ke yin aikin. Jiƙa shi cikin ruwa minti 10, har kumfa ta daina tasowa. Tsayar da wuƙar a kansa cak, ka kwantar da ita rabi, ka sake kwantar da rabin wannan, ka ɗan ƙara sassautawa: kusan digiri 15 zuwa 20 ke nan. Ka riƙa tura ta daga gindi zuwa tsini ba tare da hannu ya sauya kwanciyar ba, domin sauyawar ce ke sa mutum ya daɗe yana gurza ba kaifi. Kada ka juya sai ka shafa ɗaya gefen a hankali, daga baya zuwa baki, ka ji wani siririn kaushi ya lanƙwaso tun daga gindi har tsini. In ba ka ji shi ba, ba ka kai bakin ba tukuna. Sannan ka juya ka yi haka, ka ƙarasa da shafa mara nauyi, nan ɗaya can ɗaya, har kaushin ya fita. Gwada a fatar tumatir: in ta shiga ba dannawa, ta yi. Ga mai girki kullum, wasawa duk bayan wata biyu ko uku ta isa. Ranar da babu dutse, gindin kofin tangaran, zoben nan mara sheƙi, zai fisshe ka.

Da yake kicin ɗin masaukin ɗalibai na haɗaka ne, kada ka bar ta cikin ruwan kumfa inda wani zai tsoma hannu bai gani ba, kada kuma ta shiga injin wanke kwanuka, zafi da karo da cokula suna cinye baki su fasa mariƙi. Ka tambayi masu kula da masaukin ƙa'idarsu kan ajiye wuƙa tun ranar da ka sauka, ka yi mata kube na kwali, ka sa ta a durowarka. Ka gaida mana Inna da Baba.