Ciwon ɗana la'anar zakka ce?

Tambaya: Fasto, ina gaisuwa. Ni mai sayar da albasa ce a Tawa. Bana kasuwa ta faɗi, wata 4 ban fid da zakka ba. Yanzu ɗana na kwance da zazzaɓi. Wani mai wa'azi da ya zo taron farkawa ya ce la'anar da ke littafin Malakai sura 3, a kan masu hana zakka, ce ta faɗa wa gidana, sai na biya bashin Allah yaron zai tashi. Barci ya ƙaurace mini.

Amsa: Sannu 'yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Kafin komai, ki kai yaron nan asibiti yau a gwada jininsa, ko zazzaɓin cizon sauro ne. Kuɗin da ke ƙulle a bakin zanenki na magani ne.

Wannan maganar la'ana kuwa ta ishe ni. Ba makon da zai wuce ban ji ta ba. Annabi Malakai da Yahudawan da suka komo daga bautar Babila yake magana, mutanen da ke ƙarƙashin alkawarin Musa, da Haikali a tsaye, da Lawiyawa waɗanda ba su da gādon ƙasa. Zakkarsu hatsi ce, da mai, da dabbobi. Duba Maimaitawar Shari'a 14:28-29: kowace shekara ta uku ana tara ta a gari don baƙi da marayu da gwauraye su ci su ƙoshi. Wannan ayar ba a cika karanta ta a taron farkawa ba. Haikalin ma Romawa sun rushe shi a shekara ta 70 bayan haihuwar Almasihu.

Galatiyawa 3:13 ta ce Almasihu ya fanshe mu daga la'anar Shari'a da ya zama abin la'ana dominmu. To in har akwai sauran la'anar da jikka goma za ta kankare, me gicciyen ya yi ke nan? Tambayi mai wa'azin nan ko yana kiyaye Asabar, ko yana miƙa hadayar rago. A cikin dokokin Musa duka, wadda take kawo kuɗi aljihunsa kaɗai ya tuna! Bulus ya ce wanda ya ɗauki kaciya don neman kuɓuta, Shari'a duka ta hau kansa. Ba a tsinko ɗaya a bar sauran. A taron Urushalima, Ayyukan Manzanni 15, Bitrus ya kira Shari'a karkiyar da su Yahudawa da kakanninsu suka kasa ɗauka, kuma wasiƙar da aka aika wa Al'ummai, wato masu bi waɗanda ba Yahudawa ba, ko ambaton zakka ba ta yi ba.

Ban ce ki daina bayarwa ba, ikkilisiya da baikonmu take tafiya. Amma 2 Korintiyawa 8:12 ta ce ana karɓa gwargwadon abin da mutum yake da shi, 9:7 kuma ta ce ba da tilas ba. Ran da albasa ta yi kuɗi, ki bayar da farin ciki. Yanzu dai ki faɗa wa zumuntar mata halin da kike ciki, su zo su duba yaron.