'Yata ta ce kanta ba ya ɗaukar lissafi

Tambaya: Malama, 'yata tana aji biyu na babbar sakandare, ɓangaren kimiyya. A ƙaramar sakandare ba ta taɓa wuce ta uku ba, amma yanzu ko tambaya aka yi a aji sai ta sunkuyar da kai, tana cewa kanta ba ya ɗaukar lissafi. Kakarta ta ce kambun baka ne, har an sayo mata maganin ƙarin basira. Ga WAEC na matsowa, hankalina a tashe yake.

Amsa: Hajiya, Allah Ya kwantar miki da hankali. Yarinyar da ta yi shekara uku tana sahun gaba basirarta tana nan, abin da ya raunana shi ne yardar da take da ita cewa za ta iya. Tun 1977 masanin halayyar ɗan'adam Albert Bandura ya nuna cewa irin wannan yarda ta fi samuwa daga nasarar da mutum ya ci da hannunsa. Ɗalibar da ta yanke wa kanta ƙauna takan ajiye biro bayan layi biyu, ta miƙa takarda rabi babu komai, ta faɗi, sai faɗuwar ta zame mata hujja.

Maganar nan ta "kan mace ba ya ɗaukar lissafi" ba ita ta ƙirƙiro ta ba, ji ta yi, kuma ni ma kullum ina jin ta, abin takaici har daga bakin malamai. Na ga malamin da idan namiji ya kuskure sai ya ce ya sake gwadawa, idan mace ce sai ya karɓe allin daga hannunta ya ce ta je ta zauna, 'yan aji suna dariya. Yarinyar da aka yi wa haka sau biyu ba za ta ƙara ɗaga hannu ba, mu kuma a gida mu kira shirun nata kunya, mu yaba. A gwajin PISA na 2012, wato gwajin da ake yi wa ɗalibai a ƙasashe da dama don auna ƙwazonsu, an gano cewa 'yan mata sun fi maza fargabar lissafi ko da makinsu ɗaya ne. A wannan fargabar masu tallar magani a tasha suke cin kasuwa, kuma duk ƙullin garin da aka ba ta ta sha, an ƙara tabbatar mata ke nan cewa kanta na da matsala. Ku yi mata addu'a, amma ku zubar da garin nan, don ba ku san abin da ke ciki ba.

Idan tana yawan kasala ko jiri, a gwada jininta a asibiti, domin ƙarancin jini na yawaita bayan fara al'ada. Sannan ki samo tsoffin tambayoyin WAEC, ta fara da masu sauƙi, biyar kullum bayan la'asar, ta duba amsar da kanta. Ki kuma je makarantar ki roƙi malamin ya bar mata allin har ta gama.