Amsa ga tambayar ɗan ragon Idin Ƙetarewa

Salama gare ku, 'yan'uwa cikin Almasihu. Ɗana, na saurari muryar da ka turo bayan sujada a Wusasa, inda kake tambaya ko me ya haɗa ragon da Isra'ilawa suka yanka a Masar da gafarar zunubi, alhali babu inda Fitowa sura 12 ta kira shi hadayar zunubi.

Ka yi gaskiya, kuma ba zan rufe maka ba. Hadayar da aka keɓe domin zunubin jama'a tana cikin Littafin Firistoci sura 16, wato Ranar Kafara, inda ake kawo awaki biyu, a yanka ɗaya, a kora ɗaya jeji. Jinin daren Ƙetarewa kuwa, wato daren da Ubangiji ya kashe 'ya'yan farin Masarawa ya ƙetare gidajen Isra'ilawa, daga mutuwa ya kuɓutar da su. Sai dai Bulus ya ce a Romawa 6:23 hakkin zunubi mutuwa ne, don haka wanda aka tsame daga bakin mutuwa ta jinin wani, an riga an nuna masa yadda za a biya bashin zunubinsa.

Dubi yadda aka zaɓi ragon. Namiji ne, bana ɗaya, marar aibi, a kama shi ran 10 ga wata a tsare har ran 14. Duk wanda ya taɓa raka maƙwabci sayen ragon layya a nan Zariya ya san abin da nake nufi: a buɗe baki a duba haƙora, a leƙa ido, a sa shi ya taka ko yana ɗingishi. Kwana huɗu kuma sun isa yaran gida su saba da shi, su riƙa miƙa masa dusa, sa'an nan a yanka shi a gabansu. Bitrus ya ɗauki wannan kalma ta marar aibi ya ɗora wa Yesu a 1 Bitrus 1:19.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wurin da aka shafa jinin. Da reshen ɗaɗɗoya aka shafa shi a madogaran ƙofa biyu da samanta, mutanen kuma suna ciki. Ubangiji bai ce zai leƙa ɗaki ya ga wane ne mai kirki, wane ne mai gunaguni ba. Cewa ya yi in ya ga jinin zai ƙetare su. Mai rawar jiki don tsoro da mai ƙarfin zuciya duk jini ɗaya ya rufe su.

An kuma hana a karya ƙashin ragon, Fitowa 12:46. Yahaya, wanda ya rubuta yadda Yahaya Mai Baftisma ya nuna Yesu ya ce ga Ɗan Rago na Allah mai ɗauke zunubin duniya, shi ne ya lura a sura 19 ta bishararsa cewa sojoji sun karya ƙafafun mutum biyun da aka gicciye tare da Yesu, amma da suka iso kansa suka tarar ya riga ya mutu, don haka ba su karya ƙafafunsa ba. Ka karanta wannan tare da 1 Korantiyawa 5:7 kafin nazarin ranar Laraba.