Wane Dandali Ya Dace da Cinikin Hajoji a Intanet?

Wani ɗan kasuwa ya aiko da tambaya cewa yana son fara cinikin zinariya da ɗanyen mai ta intanet, amma tallan kamfanonin dillanci ya yi masa yawa, kowanne yana cewa nasa ya fi araha. Wanne zai ɗauka?

Malam, araha ita ce abu na ƙarshe da za ka duba. Fara sanin abin da za a sayar maka tukuna, domin da yawa daga cikin masu tallan nan ba zinariyar suke sayarwa ba, yarjejeniya ce da ake kira CFD, wadda kai da kamfanin kuke biyan juna bambancin farashi ba tare da ka mallaki komai ba. Wannan ya sha bamban da cinikin da ake yi a kasuwar CME ta Chicago ko Kasuwar Ƙarafa ta Landan, inda wata cibiya ke tsaya wa mai saye da mai sayarwa.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda zai riƙe maka kuɗi. Kada lambar lasisin da suka rubuta a shafinsu ta gamsar da kai. Ka shiga rajistar hukumar da ke ba kamfanonin lasisi da kanka, ko FCA ta Birtaniya ce, ko NFA ta Amurka, ko ta ƙasarku, ka gwada suna da adireshi, saboda 'yan damfara kan ari sunan kamfani mai lasisi. Ka kuma karanta sunan da ke kan yarjejeniyar, domin kamfani yakan nuna lasisin Landan sannan ya yi maka rajista a wani reshensa da ke inda doka ta yi sako-sako. Ka tambaya ko kuɗin abokan hulɗa a ware suke daga na kamfani. Lokacin da kamfanin dillanci na Amurka MF Global ya durƙushe a 2011, an tarar da giɓin kusan dala biliyan 1.6 a kuɗin mutane.

Sai batun ninkin jari, wato kamfani ya bar ka ka yi ciniki da kuɗin da suka ninka abin da ka ajiye. A 2018 hukumar ESMA ta Tarayyar Turai ta taƙaita shi ga ƙananan masu ciniki zuwa ninki 20 a zinariya da ninki 10 a sauran hajoji, bayan ta gano cewa kashi 74 zuwa 89 cikin ɗari na irin waɗannan asusu asara suke yi. Wanda ya ba ka ninki 500 bai taimake ka ba, domin farashi ya juya maka baya da kashi 0.2 cikin ɗari kawai, ajiyarka ta tafi. Ranar 20 ga Afrilu, 2020 farashin ɗanyen man Amurka da ake kira WTI ya faɗi ƙasa da sifili, don haka ka nemi a rubuce cewa asararka ba za ta wuce abin da ka ajiye ba.

Bayan haka ne za ka kwatanta tazarar da ke tsakanin farashin saye da na sayarwa, da kuɗin da ake caja idan cinikinka ya kwana a buɗe, da na cirewa. Ka zuba kaɗan, ka gwada cire shi. Idan aka ce sai ka biya wani haraji kafin a sakar maka kuɗinka, kada ka ƙara musu ko sisi.