Amsoshin Tambayoyinku: Finafinan da Aka Ciro Daga Labaran Lovecraft, Wanne Ya Cancanci Kuɗinku?

Tambayoyin wannan makon sun taru ne a kan finafinan ban tsoro irin waɗanda tsoronsu ke saukowa daga sararin samaniya, musamman waɗanda aka ciro daga rubutun Ba'amurken nan H. P. Lovecraft, wanda aka haifa a 1890 ya rasu a 1937.

Assalamu alaikum. Na ga an yi wa labarin The Colour Out of Space fim fiye da ɗaya, ni kuma kuɗin guda ɗaya gare ni. Wanne zan saya? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafin ka taɓa aljihunka, nemi labarin ka karanta. Gajere ne, kuma yana intanet kyauta. Ya fara fitowa a mujallar Amazing Stories a 1927. Wani dutse ne ya faɗo daga sama kusa da rijiyar wani manomi, Nahum Gardner. A shekarar itatuwansa suka yi 'ya'ya manya masu sheƙi, amma kowanne aka gatsa sai ɗaci. Dabbobi suka koma toka-toka suna marmashewa tun da ransu. Matarsa ta zauce, aka kulle ta a ɗakin sama. Abin da ya zo cikin dutsen kuwa launi ne, launin da idon ɗan Adam bai taɓa gani ba. Manomin bai zalunci kowa ba, babu alhakin da ke bin sa, abin kuma bai ma san da zamansa ba. Daga nan tsoron yake fitowa, kuma da wannan ma'auni nake auna kowane fim a wannan fanni.

To, ya mai kyamara zai nuna launin da babu shi? Richard Stanley, a Color Out of Space na 2019, ya zaɓi wani launi tsakanin ruwan hoda da shunayya, ya dawo da labarin zamaninmu, ya ba Nicolas Cage matsayin maigidan. Akwai wuraren da suka tsaya mini a rai. Uwargida tana tsaye a kicin tana yanka karas, hankalinta ya tafi, ta bi ta kan yatsunta da wuƙar, sannan ta juyo ta ce abinci ya sauka. Shi kuma maigidan ya ɗebo tumatir jajawur daga lambu, yana gatsa yana jefawa kwandon shara ɗaya bayan ɗaya. Rabin farko na fim ɗin ya yi kyau ƙwarai. Daga baya ihu ya yi yawa, aka shiga nuna komai ƙuru-ƙuru, tsoro ya ragu, ƙyama ta ƙaru.

Huan Vu, a fim ɗinsa na Jamus mai suna Die Farbe na 2010, ya fi shi dabara. Ya ɗauki fim ɗin duka a baƙi da fari. Idonka zai saba da hakan har ka manta, sai launin ya bullo daga rijiya, shi kaɗai ne launi a cikin wannan duniyar. Ban ga wanda ya warware matsalar kamarsa ba. Fim ne na ƙaramin jari, yana tafiya a hankali, kuma za ka riƙa karanta fassara a ƙasan hoto. Idan ka same shi, shi za ka saya. Idan ya gagara, ɗauki na Stanley. Die, Monster, Die! na 1965 kuwa, duk da Boris Karloff na ciki, bar shi a kan kanta. Sun mayar da abin tururin guba da ilimin kimiyya zai iya bayaninsa, suka kashe labarin.

Ɗana mai shekara 14 ya dame ni in biya masa Re-Animator da Dagon. Ya dace? Daga wata uwa a Maraɗi.

Hajiya, kada ki biya. Dukansu na Stuart Gordon ne, na farko 1985, na biyu 2001, kuma akwai jini da tsiraici a fili, waɗanda ba sa cikin rubutun asali a haka. From Beyond na 1986 ma layinsu ɗaya, ko da zai kawo miki shi daga baya.

Tunda yaron na son fannin, ki nemo masa The Call of Cthulhu na 2005. Wata ƙungiyar masoya rubutun Lovecraft ce ta shirya shi, minti 47 ne kacal, baƙi da fari, babu magana sai kiɗa da rubutu a allo, kamar dai an yi shi ne a 1926 lokacin da aka rubuta labarin. Babu abin da zai sa ki sunkuyar da kai. Sai dai ki sani akwai mutanen da ke bauta wa wata halitta a cikinsa, don haka ki zauna tare da shi, ki nuna masa ƙagaggen labari ne, kuma marubucin kansa bai ce waɗannan halittu suna nan ba. Night of the Demon na 1957, daga wani labarin M. R. James, shi ma za ku iya kallo tare.

Zan yi odar faifai daga Amurka. Akwai abin lura? Daga Fagge, Kano.

Akwai, Malam. Ana kulle faifai bisa yanki, ta yadda na'urar wani yankin ba za ta kunna shi ba. Faifan Blu-ray na Amurka yankin A ne, Afirka da Turai kuwa yankin B. A DVD Amurka lamba 1, Najeriya da Nijar lamba 5. Duba na'urarka, ko ka yi odar na Ingila idan Blu-ray ne. Faifan 4K galibi ba shi da wannan kulle. Kuma ka guji kwafin da aka matse don ya shiga waya. Waɗannan finafinai a duhu suke rayuwa, matsewa kuma duhu take fara ɓatawa, sai ka ga dabbare-dabbare a inda ya kamata ka ga inuwa tana motsi.

An ce mini Lovecraft ya tsani baƙar fata. Gaskiya ne? In haka ne, me zai sa in kashe kuɗina? Daga wata malamar makaranta a Kumasi.

Gaskiya ne, Malama, kuma ba zan sassauta miki ba. Yana cikin wasiƙunsa, yana cikin labarai irin su The Horror at Red Hook, inda baƙin haure na birnin New York suka zama abin ƙyama. Marubuciya Nnedi Okorafor, wadda iyayenta 'yan Najeriya ne, ta ci kyautar adabi ta World Fantasy a 2011, aka miƙa mata mutum-mutumin kansa a matsayin kambu, ta fito ta rubuta yadda abin ya sosa mata rai. A 2015 aka sanar da daina amfani da siffarsa.

Kuɗinki ba zai je wurinsa ba, ya rasu cikin talauci bai bar ɗa ba. Masu fim na yanzu za ki biya, kuma wasunsu sun mayar masa da martani da aikinsu. Stanley ya ba baƙin ɗan wasa, Elliot Knight, matsayin mai ba da labarin. Shirin Lovecraft Country na 2020, daga littafin Matt Ruff, ya bi wani iyalin baƙar fata a Amurkar shekarun 1950, inda 'yan sandan garin da ke korar baƙar fata kafin faɗuwar rana suka fi dodanni ban tsoro. Victor LaValle kuma ya sake rubuta Red Hook daga idon baƙin mutum a The Ballad of Black Tom na 2016. Ni da waɗannan biyu zan ce ki fara. Idan kuma zuciyarki ta ƙi sunansa gaba ɗaya, ina girmama hakan. Ki karanta The Willows na Algernon Blackwood, 1907, labarin mutum biyu a kwalekwale a kogin Danube.

Wani mai tura finafinai ya ce zai samo mini At the Mountains of Madness na Guillermo del Toro. In ba shi kafin alƙalami? Daga Jos.

Kada ka ba shi ko sisi. Ba a yi wannan fim ba. An yi niyyar ciro shi daga labarin Lovecraft da ya faru a Antatika, tare da Tom Cruise, amma a 2011 maganar ta rushe, saboda kuɗin da ya kai wajen dala miliyan 150 da kuma dagewar del Toro cewa na manya zalla zai yi. Idan ƙanƙarar Antatika da tsohuwar halitta da ke kwance a cikinta kake nema, sayi The Thing na John Carpenter, daga labarin John W. Campbell na 1938. Ka duba shekarar da kyau, na 1982 kake so, domin akwai wani mai suna iri ɗaya na 2011.